Ɗan'azumi Baduku da Layun da Ya Farke da Hannunsa

Kowace safiya, in an idar da sallah gari ya yi haske, Ɗan'azumi Baduku yakan fito daga gidansa na gindin dutse, buzu a kafaɗa, zabirar kayan aiki a hammata. Ba ya sauri. Yakan bi ta bakin rijiya ya jiƙa tsumman da yake lausasa fata da shi, ya gaisa da mahauta, sannan ya shimfiɗa buzunsa a rumfar da ke fuskantar biro, wato ofishin da ake biyan tsofaffin soja fansho a Dogon Dutsi. Sai ya jera kayansa yadda ya saba shekara talatin da 'yan kai: basilla da wuƙa a dama, kaskon baƙin rini a hagu, ƙarafan da yake buga wa fata ado a cikin wani tsohon gwangwani. Kafin hantsi ya ɗaga ya liƙe wasakin wani makiyayi, wato gugansa na fata, ya gyara kuben wuƙa, ya ɗinke laya biyu ko uku. Hannu yana aiki, baki yana hira, don Ɗan'azumi mutum ne mai son magana, kuma shi kansa ya san haka.

Bana idanunsa sun gaza. Ya ce da an yi biyan kaka zai naɗe buzu ya koma gida. Mai wannan rubutu ba danginsa ba ne, ba kuma abokin sana'arsa ba. Uba ne wanda ɗansa ya shiga soja bara, ya fara tunanin ranar da ɗan nan zai dawo da 'yar takarda a hannu da gajiya a jiki, yana tambayar kansa ko za a sami wanda zai tsaya masa. Shi ya sa ya ga bai kamata badukun nan ya tashi daga rumfarsa ba a faɗi abin da ya yi ba.

Duk wanda ya yi wa Faransa soja ya dawo, akwai wani ɗan littafi da ake ba shi, da hotonsa da lambarsa a ciki. Tsofaffin suna ce masa karne. Wata uku uku sukan kawo shi biro, a buga hatimi a shafi, a ba su kuɗinsu. Wanda ba shi da karne ba shi da fansho, ko da kuwa duk Arewa ta shaida ya je yaƙi. To mutumin ƙauye ba shi da akwatin ƙarfe. Ga gara, ga ɗigar ruwa, ga akuya. Don haka kowa yakan kawo littafinsa wurin baduku a yi masa riga ta fata. Kusan duk rigunan littattafan ƙasar nan, daga Dutsi har Tibiri, Ɗan'azumi ne ya yi su, kuma kowace yakan buga mata wani ƙarfen ado nasa: tauraro mai tsini takwas a cikin zobe. Tsini ɗaya ya gutsure tun ranar da ƙarfen ya faɗa masa kan dutse. Abokan sana'a sun sha yi masa tsiya ya je maƙera a yi masa sabo, shi kuwa ya ce wannan giɓin shi ne sa hannunsa.

A bazarar shekara ta biyu da samun mulkin kai, wani baƙo ya tsaya rumfarsa. Wandon kaki, farar riga, tabarau, keke mai ƙararrawa, da jakar takardu. Ya ce sunansa Mushe Usman (mushe laƙabi ne da ake yi wa ɗan boko da Faransanci), igiyar jakarsa ce ta tsinke. Yana zaune ana ɗinki yana tambaya: tsofaffin soja nawa ne a Kiyeshe? Wa suke ji wa magana? Akwai matan da mazansu suka rasu suke karɓa? Ɗan'azumi ya ga mai sauraro, ya saki baki, ya ba shi suna da gari da unguwa. Da yamma da yake tattara kaya bai ga ƙarfen tauraro ba. Ya tona yashin rumfar, ya zazzage zabira, ya haƙura.

Sunan da baƙon ya fi riƙewa shi ne na Sarjan Illo na Kiyeshe. Illo ya yi yaƙin Jamus, ya dawo da yatsu uku a hannun dama da wani ƙarfe a ƙugu wanda ba ya barinsa ya sunkuya da hauya. Gidansa baki tara ne, kuma abin da ke tsakanin gidan nan da yunwa shi ne karne. Tsofaffin sojan yankin duk shi suke bi. In ya ce a tashi a tashi, kamar har yau suna bariki.

Mushe Usman ya isa ƙofar gidansa ya buga ƙafa ya sara masa. Shekara goma sha biyar rabon da wani mai tabarau ya sara wa Illo. Sannan ya yi bayani. Nasara sun tafi, littattafan da ke ɗauke da hatiminsu sun mutu, gwamnatin Nijar ta aiko shi ya tattara su a kai Yamai a sauya. Sababbi za su iso bayan kaka. Biyan damina an ɗage shi, za a haɗa da na gaba, har da ƙari, saboda haka kada kowa ya wahalar da kansa ya je Dutsi. Sai a dangwala yatsa a nan. Ya ba Illo wata takarda mai hatimi a ƙasa, ya ce ita ce shaidarsa, amma kada ta buɗe, kada wani ido ya gan ta kafin sabon littafi ya zo, in ba haka ba ta lalace. Illo ya tambaya yaya zai adana ta. Baƙon ya ce ai a ɗinke ta laya kawai.

Illo ya sa matarsa Hasiya ta yanka zakara. Kashegari shi da kansa ya shiga gaba, ya kai mutumin gida gida, Kiyeshe da Dumega da Tibiri. Littafi goma sha biyu suka shiga jakar, har da nasa. Takardar da suka dangwala wa yatsa kuwa ta wakilci ce. A damina biro yana yarda wanda ba shi da lafiya ko mai nisa ya aiko wakili, in dai wakilin ya zo da littafi da wannan takarda.

Nan ne aikin ya biyo ta hannun Ɗan'azumi. A al'adar dukanci, in an kawo maka takarda a ninke ka ɗinke, ba ka buɗewa. Abin da malam ya rubuta tsakaninsa ne da mai laya, kai naka fata da zare. Haka tsofaffin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya da takarda a ninke an naɗe ta da zare, ba wanda ya ce masa ga abin da ke ciki, shi ma bai tambaya ba. Ya ɗinke tara. Ya yi musu ɗinki mai kyau kuwa, wanda ko ruwa ba zai shiga ba.

Ta goma wata mace ce ta kawo, Fati daga Dumega, wadda mijinta ya rasu take karɓar rabonsa tana ciyar da marayu. Ruwan sama ya dake ta a hanya, takardar ta jiƙe a bakin zanenta.

Ɗan'azumi ya taɓa ya ce, "Inna Fati, wagga in na rufe ta haka, ruɓewa za ta yi cikin fata. Sai an shanya."

Ta ce, "An ce kar a buɗe."

"Wane malami na?"

"Ba malami ba na. Mushen gwamnati na, wanda yak karɓe muna karne."

Basilla ta tsaya a hannunsa. Ya ce, "Yak karɓe mi?"

Ta ba shi labari tun daga farko. Ya roƙe ta ta bar shi ya warware, ya ce ai jiƙaƙƙiyar takarda ko ba a buɗe ta ba ta riga ta lalace. Ta juya baya don kada idonta ya gani, ta ce ya yi abin da zai yi. Ya shimfiɗa takardar a kan gwiwa. Ɗan'azumi bai san baƙi ko ɗaya na boko ba. Amma a ƙasan takardar ga tauraro a cikin zobe, an buga da tawada, tsini bakwai da giɓi ɗaya.

Fati ta waiwaya ta ga ko lafiya. Abin da ya fara cewa shi ne, "Tara. Tara na ɗunke da hannuna."

Saura kwana shida a yi biya. Ya ja ta suka tafi lakwal wurin malamin makaranta. Malamin ya karanta, ya fashe da dariya, sannan ya dubi fuskar Fati ya haɗiye dariyar. Rubutun an kwafo shi ne daga jikin kwalin maganin zazzaɓi: a sha ƙwaya biyu bayan an ci abinci, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Daga nan suka wuce biro. Mai biya ya ce ba wani umurnin sauya littafi da ya zo masa, biya kuma yana nan ranar da aka saba. Amma ya ce shi ba zai iya hana mutumin da ya zo da littafi da takardar wakilci a kan maganar baduku ba. Masu littattafan ne za su zo da ƙafarsu su ce ba su aiki kowa ba.

Kai ne, Ɗan'azumi, ka naɗe buzunka ran nan da rana tsaka, ka bar wasakin mutane ba a gama ba. Da ka so da ka ce kai an ba ka ɗinki ka ɗinka, ba kuma wanda zai ga laifinka. Ka ari jaki ka kama hanyar Kiyeshe cikin taɓo.

Gida biyu ya fara tsayawa, amsa ɗaya ya samu: Sarjan ne ya kawo mutumin, in Sarjan bai buɗe tasa ba su ma ba su buɗewa. Ashe duk maganar a wuyan mutum ɗaya take rataye.

Ya tarar da Illo zaune a zaure, layar a ƙirjinsa a kan riga, kusa da lambar yaƙinsa. Bayan gaisuwa Ɗan'azumi ya faɗi abin da ya kawo shi. Illo ya saurara har ƙarshe, yana murza gemu da yatsunsa uku.

Ya ce, "Baduku, bindiga nawa ka taɓa ji, ban da ta maharba?"

"Ko ɗaya, Sarjan."

"Teku fa? Ka taɓa ganin teku?"

"Tabkin Dutsi dai, in ya cika."

"To ni na ga hatimin janar, na ga na gwamna, na ga na likitan soja. Yau mai warin jima za ya zo ya koya min hatimi?"

Ɗan'azumi ya ce, "Warin jimar nan shi ka tsare maka karne shekara goma sha biyar. Ina rigar da niy yi mishi?"

Daga cikin gida aka ji muryar Hasiya: "Tana nan, taba yaka zubawa ciki."

"Wa yas sa da ke?" in ji Illo.

Sai ga ta da rigar littafin, ta zazzage tabar a tafin hannunta, ta miƙa wa baduku. Ɗan'azumi ya ajiye ta a kan tabarma, ya shimfiɗa takardar Fati a gefenta. Tauraro a jikin fata, tauraro a jikin takarda. Ya sa tsinin basilla ya nuna giɓin nan, ya nuna wancan.

Ya ce, "Sarjan, ko dai gwamnatin Nijar ta rasa hatimi ta aro ƙarfena ba ta gaya min ba, ko kuma ɓarawo ya ci zakaranka."

Illo ya sunkuya iyakar yadda ƙugunsa zai bari. Ya duba ya sake dubawa. Ya ce, "Wagga ta mace ta. Tawa daban ta. Ni sarjan na, ba za a ba ni irin tata ba."

"To a buɗe a gani."

"Laya in anka farke ta, ta mutu. Kai baduku na, ka fi ni sani."

"Laya ta malam ke nan. Wagga ba aya ciki, maganin masassara na. Ni na ɗunke, bari in farke. In ta tabbata ta gwamnati ta, ka kai ni gaban gardin gwamnati ka ce ni na ɓata ta."

Hasiya ta tsuguna a bakin ƙofa. Ta ce, "Mai gida, hatsin da ke rumbu ba ya kai mu wata guda. Ni ka aunawa, ni na sani."

Illo bai dube ta ba. Ya cire layar daga wuyansa, ya riƙe ta a tafin hannu kamar yana auna nauyinta. Ɗan'azumi ya miƙa hannu zai karɓa, Illo ya hana shi. Wuƙar ya nema. Da yatsu uku ya riƙe ta ya bi ɗinkin zare bayan zare, abin ya ɗauke shi lokaci, don ɗinkin Ɗan'azumi ba ya sakin jiki. Ba wanda ya ce a taimake shi. Da takardar ta fito ya warware ta a kan gwiwa. Layi ɗaya da ta Fati, tauraro ɗaya, giɓi ɗaya.

Ya ajiye takardar a kan tabarma. Can Illo ya ce, a hankali, "Goma sha ɗaya. Ni na shiga gaba, ni niy yi sallama kowace ƙofa. Da wane ido zan koma in dube su?"

Hasiya ta ce, "Da wanda kak kai musu mutumin da shi. Kana da wani?"

Kwana huɗu suka yi suna yawo, Illo a kan jaki, Ɗan'azumi a ƙasa yana ja. Waɗanda suka gani sun ce kowace ƙofa suka tsaya sarjan ne yake fara magana, kuma magana ɗaya yake yi: "Ni na kawo muku shi, ni niy yi kure. Ku ba baduku layarku." Sai Ɗan'azumi ya zauna ya farke ɗinkin da ya yi da hannunsa, ya mayar wa mutum ladan ɗinkin da ya karɓa. Wani ya zage su, wani ya yi kuka, wani ya ce dama shi tun farko tabarau ɗin nan bai kwanta masa ba. Mutum biyu da ba su riga sun kai tasu ɗinki ba suka fito da ita daga ƙarƙashin hula. Wani tsoho a Tibiri, Idi, ya ƙi sam. Ya ce layarsa ba mai taɓa ta, amma zai bi su Dutsi don kada a ce an yi tafiya ba shi. Har yau tana wuyansa a ɗinke.

Ranar biya da sassafe Illo ya shigar da mutanensa rumfar baduku, ya sa aka jingina zana a gaba, ya zaunar da su layi biyu, Fati a ƙarshe. Ya ce duk wanda ya yi tari kafin lokaci zai gane kurensa. An riga an sanar da mai biya, gardi biyu kuma, wato 'yan sanda, suna zaune a inuwa kamar masu jiran wani abu daban.

Hantsi bai ɗaga ba sai ga ƙararrawar keke. Mushe Usman ya jingina kekensa, ya gyara tabarau, ya zube littattafai a bakin taga da takardun wakilci a kansu. Mai biya ya ɗauki na sama, ya ɗaga murya kamar yadda aka saba kiran suna.

"Sarjan Illo, Kiyeshe!"

Mushe Usman ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Bawan Allah, yana kwance. Ƙugun nan ya tashi, ko juyawa ba ya iyawa."

Daga bayan zana aka ji wata murya irin wadda ake ji a filin fareti: "Pirizan!" Amsar da soja ke bayarwa ke nan in an kira sunansa, wato ga ni.

Zana ta faɗi. Illo ya fito yana ɗingishi, lambarsa a ƙirji. Mai biya bai tsaya ba, ya ɗauki littafi na biyu ya kira, aka amsa, ya kira na uku, aka amsa. Da aka kira sunan mijin Fati ita ce ta amsa. Kafin a kai na shida Mushe Usman ya fara ja da baya wajen kekensa, ya tarar da gardi ɗaya yana riƙe da kan keken yana buga ƙararrawa.

Mutane sun zaci Illo zai dake shi. Bai ko dube shi ba. Taga ya nufa, ya miƙa hannu, aka sa masa littafinsa. Ya buɗe ya ga hotonsa, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, ya rufe, ya zauna a ƙasa nan bakin taga, ya daɗe bai tashi ba. Ran nan Hasiya ta auna hatsi ba ta kankare bakin mudu ba.

A cikin jakar baƙon an sami ƙarfen tauraro da kwalbar tawada da wasu littattafai na wata ƙasar da ba tamu ba. An tafi da shi, abin da shari'a ta yi da shi kuma ba mu da tabbacinsa a nan. Ƙarfen ya dawo hannun mai shi bayan 'yan watanni. Ɗan'azumi ya kai wa maƙeri ya ce a daka fuskar ta shafe. Tun daga lokacin ba ya buga wa rigar littafi kowane ado.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce sa'a ce da ruwan sama. Abin da ya sa ake wannan jinjina shi ne shekarun da suka biyo baya. Sati ɗaya bayan ranar biyan nan Illo ya dawo rumfar da littafinsa ya ce a ɗinke masa shi ta kowane gefe, kada ya sake fita.

Ɗan'azumi ya ce, "In na rufe shi, da mi za a biya ka?"

"To ka yi dabara."

Dabarar da ya yi ita ce jaka mai marfi da maɓallin fata, da igiya mai kauri da ake ratayawa a cikin riga. Tana buɗuwa, tana rufuwa. Ya kuma kafa wa kansa doka wadda ba ta cikin dukancin da ya gada: laya ta malam zai ɗinke ba tambaya, amma takarda mai rubutun boko ba ta shiga fatarsa sai an karanta ta da ƙarfi a gaban mai ita. In malamin lakwal yana aji, a jira ya tashi. Wannan doka ta ci masa ciniki. Wasu suka ce baduku ya zama alƙali, suka koma wurin wasu dukawa. Ya bi dukawan nan rumfa rumfa, na Dutsi da na kasuwannin ƙauye, yana ba su labarin layu tara, ba ya ɓoye cewa shi ne ya saki baki tun farko. Yawancinsu sun ɗauki dokar.

Kai ne ka mai da son hirarka aiki. Duk ranar biya, tsofaffi na layi a rana, kana daga rumfarka kana ɗinki kana jefa musu magana. "Baba, karnenka ya kwana gida jiya?" A yi dariya, amma kowa ya shafa ƙirjinsa. Kakan ce musu gwamnati in za ta sauya abu shela take sa a yi a kasuwa, ba ta aiko mutum ya yi raɗa a zaure. Kakan ce duk wanda ya ce kada a nuna wa kowa, to ranar nan za a nuna. Kakan ce yatsa ba ya taɓa tawada sai mutum biyu da ba tare suka zo ba sun karanta takardar, bakinsu ya zo ɗaya. Ba ka taɓa riƙe littafin kowa ba ko na dare ɗaya, ko da mai shi ya roƙe ka. Gwaji da zare kake yi a gabansa ka mayar masa.

An sake gwadawa bayan haka. Wani ya zo da zancen yana da ɗan'uwa a Yamai da zai sa a ninka wa mutum fansho in an ba shi littafi ya tafi da shi. Wani kuma, shekarar da hatsi ya yi wuya, ya riƙa bin gidaje yana cewa a ba shi karne ya riƙe a karɓi buhu. Dukansu biyu ba su yi kwana uku a ƙasar nan ba maganarsu ta iso rumfar baduku, kuma matan tsofaffin ne suka kawo ta. Fati ta Dumega ita ce ta bi na biyun da muciya har bakin gari.

Ba ka taɓa sa kaki ba, ba ka da lamba, ba ka da fansho. Ranar da ka naɗe buzunka ba wata taga da za a kira sunanka. Gwanin basilla na Dogon Dutsi, mun gode. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka idanu, ya ba ka masu tsaya maka kamar yadda ka tsaya wa mutane.

Ku kuma da kuka iya karatu, ku da ake kira ku karanta wa dattawa wannan takarda, akwai abin da ya rage muku. Kowannenku yana da uba ko kawu ko gwaggo mai wata takarda a ƙarƙashin matashi wadda ba wanda ya taɓa karantawa. Ku nemi izini ku buɗe ta yau, ku karanta da ƙarfi mai ita yana ji. Tela da wanzami da mai awo, kowa yana ganin abin da ke wucewa ta hannunsa, kuma tambaya ɗaya ba ta rage wa sana'a daraja. Wanda yake shakkar ko maganar baduku ta shiga, ya zo biro ranar biyan kaka ya tsaya kusa da taga. Zai ga Sarjan Illo ya miƙa littafinsa, mai biya yana ja, shi yana riƙe da kusurwa ɗaya da yatsunsa uku. Shekara shida ke nan mai biya yana cewa, "Sarjan, saki mana in buga." Shi kuwa amsarsa ba ta sauya ba: "Buga haka nan, ɗana. Ina riƙe."